Muryar Yaya Hansai da Gwangwanin Batura

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji biyar a firamare, can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin. Mun dawo ke nan daga gonarmu ta Rigachikun, ƙafafunmu duk taɓo, bayan motar Baba cike da ɗanyar masara, sai muka tarar da wani dogon mutum zaune a bencin ƙofar gidanmu a Kurmin Mashi, sanye da farar jallabiya da naɗin rawani irin wanda ba mu saba gani ba. Hausarsa ma wata iri ce, duk ta sha Larabci. Ya ce sunansa Alhaji Garba, daga Sudan yake, ya sauka gidan wani malami a Abakpa, kuma ya sha tambaya kafin a nuna masa gidanmu. Da Baba ya shigar da shi zaure aka gaisa, sai ya zura hannu a aljihu ya ciro wani abu naɗe a ƙyalle, ya ce saƙo ne aka ba shi ya kawo wa tsohuwar gidan nan daga yayarta Hansai. Kaset ne baƙi, ko rubutu babu a jikinsa. Kakarmu Tabawa, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, tana bakin rijiya tana wanke ƙafa ta jiyo sunan daga zaure. Ban taɓa ganin tsohuwa ta miƙe da sauri irin na ranar ba, har butar ta kife.

Mu yaran gidan mun san Yaya Hansai kamar yadda muka san mutanen cikin tatsuniya. Ita ta goyi Iya bayan rasuwar mahaifiyarsu a wani ƙauye gaba da Rigachikun, ita ta koya mata daka da kaɗi. Tun Baba bai zo duniya ba ta bi mijinta a ƙasa za su Makka, suka yada zango a Sudan don neman guzuri, noman auduga ya riƙe su, shi ke nan zama ya kama. Daga nan sai labari a bakin matafiya, wannan ya ce ya gan ta, wancan ya ce ya ji an ce. Abin da Iya ta fi maimaita mana shi ne muryarta. "In Yaya ta ƙwala maka kira daga bakin rafi, sai ka rantse namiji ne," haka take cewa, sannan ta kumbura wuya ta kwaikwaye ta, mu yi ta dariya har da faɗuwa.

Ni kuwa a gidan nan ina da muƙami, kuma ba na wasa da shi. Ni ce mai batir. Wutar lantarki a unguwarmu baƙuwa ce, ta leƙo ta gaishe mu ta wuce, don haka rayuwar gidan a kan batir take tafiya. Da can yayyena maza ke riƙe da su, amma da Baba ya gaji da buɗe tocila ya tarar da ita wayam, an kwashe an kai wa motar langalanga fitila, sai ya tara mu ya damƙa mini wani babban gwangwanin madara, ya ce daga yau duk mai son batir ya zo wurin Binta. Kai, ranar na sha harara! Ban damu ba. Na saƙa gwangwanina ƙarƙashin gadon Iya, inda babu namijin da ya isa ya zura hannu.

Batir a gidanmu ba ya mutuwa sau ɗaya. Sabo dal, rikodar Baba yake fara shiga, wata ƙatuwa mai cin batir shida, wadda Mama ta ɗinka wa riga da ragowar atamfa don kada ƙura ta taɓa ta. Idan ya fara sanyi a can, sai in sauko da shi ƙaramar rediyon Iya, wadda murfinta ya ɓata tun da daɗewa, nake ɗaure bayanta da robar tayar keke. Ita ce muke ratayewa a reshen ɗorawa ranar gona, muna cirar ciyawa tana karanto gaishe-gaishe. Daga rediyo sai tocila. Idan tocilar ta fara ja kamar garwashi, sai in hau turmi in jera su a kan kwanon kicin su sha rana, in ɗan ƙwanƙwasa gindinsu da dutse, su farfaɗo su ƙara mana 'yan kwanaki. Wanda ya yi amai, farin gishirin nan ya fito masa, shi ne ya gama aiki a gida, amma makaranta na jiransa. Ranar Juma'a muke fasa su a bayan aji, mu kwaɓa baƙin garin da ruwa mu shafe allo ya koma baƙi wuluk, hannuwanmu su kwana biyu ba su fita ba. Sandar tsakiyar kuwa da ita muke zana gidajen 'yar gala-gala a kan siminti. Ina da ƙwan tocila guda da guntuwar waya na gwaji, kuma da kallo ɗaya na hasken zan gaya maka ko batir na rikoda ne, ko na rediyo, ko na kan kwano. Iya kan ce, "Wannan 'yar, in ta yi aure da gwangwaninta za a kai ta."

To, ranar nan Baba ya ce ba za a saurari Yaya Hansai da ragowar batir ba. Ya aiki yayana shagon bakin titi ya sayo sababbi fil, ni na ɓare su da hannuna na jera, kai da gindi, kai da gindi, na rufe murfin. Aka shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida bayan la'asar, maƙwabta mata suka shigo da mayafansu, Iya ta sake zane, ta zauna dab da rikodar ta tanƙwashe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu. Baba ya yi bisimilla ya danna. Aka ji ƙara shuuu, sai ga wata 'yar siririyar murya ta tsillo, tana zuba da sauri kamar ana bin ta da bulala. Sallama ce, da gaisuwa, da sunayen mutanen ƙauye, duk daidai, amma muryar yarinya ce ƙarama, wadda ba ta kai ni ba. Wani ƙanena ya tuntsire da dariya, Mama ta maka masa dundu. Iya ta kasa kunne har aka yi nisa. Sannan ta ɗaga hannu ta ce a kashe. "Wannan ba Yaya ba ce," in ji ta. "Sun zaunar da jikarta sun biya mata abin da za ta faɗa. Yaya ta rasu, ɓoye mini ake yi."

Babu irin rantsuwar da Alhaji Garba bai yi ba. Ya ce da idonsa ya bar ta tana zaune a ƙofar ɗakinta, tsufa ne kawai da ciwon ƙafa. Amma da Iya ta tambaye shi ko a gabansa aka ɗauki maganar, ya ce a'a, ɗanta ne ya kawo masa kaset ɗin tasha. Shi ke nan, magana ta ƙare a wurin Iya. Ita kanta ta san yadda ake yi, ta sha shiga cikin masu ce wa tsoho "jiki ne ya ɗan matsa" alhali an riga an dawo daga maƙabarta. Tun daga ranar ta daina cin abincin kirki. Rediyonta ta ce in ɗauke mata. Ba ta kuka a gabanmu, sai dai ka gan ta zaune a bakin gado da carbi, idonta a bango. Ta ce ranar Juma'a za ta yi wa Yaya sadakar gumba, a nemo mata gero. Alhaji Garba kuwa ya riga ya faɗa cewa bayan Juma'ar nan zai kama hanya, in akwai amsa a ba shi. Iya ta ce ba ta da abin faɗa wa mutanen da suka raina mata hankali. Ko ni da ƙuruciyata na gane abin da ke shirin faruwa. Idan aka raba gumbar nan, Yaya Hansai ta mutu ke nan a gidanmu, ita kuma can za ta zauna tana jiran amsar ƙanwarta, a dawo mata hannu rabbana.

Baba ya yi iya yinsa, Allah Ya saka masa. Kullum ya taso daga ofis, ko kayan aiki bai cire ba zai hau kan rikodar. Ya goge kanta da auduga, ya gwada ta da lantarki ranar da aka kawo wuta, ya ɗauki kaset ɗin ya kai gidan maƙwabcinmu mai sabuwar rikoda. Ko'ina yarinyar nan ce dai take tsiwa. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa ko ina wanke-wanke, kunnena na wurin. Na ji kaset ɗin har na haddace shi. Ranar Laraba, ina durƙushe ina goge tukunya da toka, sai na ji wani abu da ban kula da shi ba a baya. Can bayan maganar, wani abu ya yi tsit-tsiririt, gajere, siriri. Da aka sake zuwa wurin na kasa kunne sosai. Wallahi zakara ne! Cara ce cikakkiya, da hawanta da saukarta, amma an matse ta ta koma kamar kukan ɗan tsako. Na ce a raina, to, in an sa yarinya ta yi maganar tsohuwa, shi zakaran wa ya sa shi?

Abin da na sani kuwa, na san shi ne don ni ake kira in batir ya yi sanyi. Na sha jin yadda rikodar Baba take yi in ƙarfinta ya ƙare: zaren kaset ya dinga jan ƙafa, mace mai waƙa ta koma ƙaton namiji, kiɗa ya dinga miƙa kamar mai jin barci. Da na ji haka nake tashi in ɗauko gwangwani ba sai an ce Binta ba. Na yini ina jujjuya abin a kaina, har malamar lissafi ta jefe ni da alli. Idan rikoda mai mataccen batir tana ja wa murya ƙafa wajen saurare, to in da ita aka ɗauki maganar fa? Zaren ya tafi a hankali lokacin da tsohuwa take magana. Mu kuma nan, don girmamawa, muka ɗura masa sababbin batura, ya zura da gudu. Ashe karramawar da muka yi wa kaset ɗin ce ta mayar da ita yarinya.

Ranar Alhamis babu Islamiyya. An jiƙa gero, an tsane shi, Iya ta fito da kujerarta ta zauna kusa da turmi a can ƙarshen gida tana kallon Mama da wata maƙwabciya suna daka. Baba yana zaune a barandarsa da rikodar a gaba, ya zuba tagumi. A gidanmu yaro ba ya taɓa rikodar Baba sai dai wurin batir, kuma ba a koya wa babba abu. Na daɗe ina zagaye kafin in durƙusa a gefensa. Na ce, "Baba, ba yarinya ba ce. Har zakaran gidan ma yaro ne." Ya dube ni zai yi dariya, sai na ga dariyar ta tsaya. Na faɗa masa sauran cikin in-ina. Ya mayar da zaren baya, ya saurari zakaran, ya sake mayarwa ya kuma saurara. Sannan ya turo mini rikodar gabana, da rigarta da komai, ya ce, "Ɗauko gwangwaninki."

Aikin nawa ne, na san shi. Na juye gwangwanin a kan tabarma, na gwada kowane batir da ƙwan tocilata, na ware su kashi-kashi. Da farko na zuba na kan kwano zalla, rikodar ta yi gurnani ta tsaya cak. Na kwashe. Na mayar da sababbin, na cire guda biyu na sa na rediyon Iya a madadinsu. Baba ya danna. Yarinyar nan ce dai, amma ta rage gudu, ta zama budurwa. Na cire wani sabon na sa na tocila. Sai ga muryar mace sosai, irin ta su Mama, tana magana a natse. Baba ya ce, "Ƙara, Binta, ƙara." Na zaɓi wani da ya kwana biyu yana shan rana, wanda haskensa ya fara ja, na tura shi ciki na danne murfin da tafin hannu. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, ta dushe. Aka ja numfashi a cikin kaset ɗin, aka yi wani tari mai nauyi, sannan wata tsohuwa mai murya kamar ta namiji ta ce, "Tabawa, kina ji na? Ni ce."

Sautin bai da ƙarfi, don baturan ba su da abin bayarwa. Ban san yadda ya tsallake ƙarar taɓarya ya isa ƙarshen gida ba. Na dai ji Iya ta ce, "Na'am, Yaya." Daka ta tsaya. Ta taso ba takalmi, ɗankwalinta ya zame ba ta kula ba, ta zo ta durƙusa a gaban rikodar kamar yadda ƙanwa take durƙusa wa babbar ya. Yaya Hansai tana tambaya, Iya tana amsawa. Ina gajiya? Ba gajiya, Yaya. Ina yara? Suna nan lafiya, Yaya, sun girma. Da zakaran nan ya yi cara, cikakkiya wannan karon, Iya ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta ce har yanzu Yaya ba ta daina kiwon kaji ba. Mama tana tsaye da taɓarya a hannu hawaye na zuba. Baba ya juya fuskarsa wajen bango ya daɗe yana gyaran hula. Ni kuwa ina dafe da murfin batir, ban yarda na motsa ba, don kada wani abu ya goce.

Ba a kai ƙarshen kaset ɗin ba muryar ta fara nutsewa, ta zama gurnani, na sake canji muka ci gaba. Da aka gama Iya ta kamo kaina ta tusa a ƙirjinta, tana warin gero da man kaɗanya, ta ce, "Ke 'yar nan, ke 'yar nan," ta kasa ƙarasawa. Baba kuwa da ya fita sallar magariba, a ƙofar masallaci ya tsaya yana ba mutane labari, yayana ya dawo yana cika yana batsewa ya ce sai "Binta ce, 'yar wajena" ake ta ji. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma har yau in na tuna sai na ji kaina ya ɗan ƙara girma. Gumbar ma ba a fasa ba. An daka ta, an raba ta ranar Juma'a gida-gida, sai dai ta koma sadakar godiya.

Da safiyar Juma'ar aka ɗauki amsar Iya, da sababbin batura, na tabbatar da haka da ƙwan tocilata. Ta cika fuska biyu na kaset tana magana, ta lissafa wanda ya mutu da wanda aka haifa, ta yi wa Yaya ƙorafin shekarun da ta yi shiru. Can sai ta jawo ni gaban rikodar ta ce in gaida kakata, ta ƙara da cewa, "Wannan ce ta tono ki, Yaya, da na riga na binne ki." Ni kuma na ce wa Baba akwai saura. In suka sa kaset ɗinmu a rikodarsu mai mataccen batir, Iya za ta koma ƙaton namiji, su ma su ce an ɓoye musu mutuwa. Baba ya riƙe baki. Haka Alhaji Garba ya bar Kaduna da kaset a aljihu da kwalin sababbin batura a jaka, da gargaɗin kada a saurara sai da su.

Daga nan aikina ya ƙaru. Iya takan so jin Yaya bayan sallar walha ko in an yi ruwa gari ya yi sanyi, kuma muryar ba ta fitowa daidai sai da batir mai rabin rai, wanda ba ya daɗewa a haka. Matan layinmu suka ji labari, suka dinga aiko yara da ragowar baturansu a ƙulle a leda, a ce a kai wa Binta na Yaya Hansai. Kaset biyu suka ƙara zuwa a shekarun da suka biyo, da muryarta daidai, kafin wani matafiyi ya kawo labarin rasuwarta na gaskiya. Wannan karon Iya ta yarda, ta yi kukanta, ta yi sadakarta. Amma na farkon nan ta fi so a sa mata, har ta bar duniya.

Yanzu wayar da ke hannuna ko murfin batir ba ta da shi, in ya mutu sai a kai wa mai gyara ko a sayi wata. 'Yata tana karatu a wata ƙasa, kullum sai na aika mata saƙon murya, ya isa kafin in ajiye wayar. Da ta zo hutu na ji ta a ɗaki tana sauraron wani da na tura mata, ta danna wani wuri ya ninka sauri, ina ta zuba kamar ana kora ta. Na leƙa na ce me ya sami muryata? Ta ce, "Mama, kina da jan magana ne, haka ya fi sauri." Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na fasa, na koma kicin. Ita ba ta taɓa jiran murya ba, shi ya sa take da gaggawa.